Alkawarin Gurbin Dankure

Malam Albashir Riskuwa mutum ne da ba a kayar da shi a gardama, kuma shi ma ya san haka, abin da ya ƙara lalata al'amarin ke nan. Yana koyar da tarihin tunanin siyasa a wata kwaleji a Birnin Kebbi, yana zaune a Badariya da matarsa Ɗayyaba da 'yarsu ɗaya tilo, Ummu Hani, wadda ta samu gurbin karatun likita a Zariya tana ta shirin tafiya.

Da yake ɗalibansa ba sa iya riƙe sunayen Turawan da suka yi rubutu kan mulki ƙarnuka uku da suka wuce, sai ya raɗa wa kowane laƙabi. Akwai Matsoraci, wanda ya ce in babu mai tsaro mutane za su cinye juna ɗanye, don haka gara kowa ya miƙa wuya a tsare masa rai. Akwai Mai Sharaɗi, wanda ya ce mulki yarjejeniya ce, jama'a ke ɗorawa kuma jama'a ke saukewa. Sai Ɗan Kasuwa, wanda ya ce a bar kowa ya bi amfanin kansa, a ƙarshe gari duka zai ci riba. Mai Sharaɗi ne mutuminsa. In yana maganarsa sai ka rantse tare suka yi makarantar allo.

Duk shekara sai an samu ɗalibi mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni yaushe aka tambaye ni ko na yarda da wannan yarjejeniyar?" Shi kuwa dama jira yake. Sai ya ce, "Ka bi titi ka zo? Ka sha ruwan famfo? To ka yarda ke nan, ko ba ka buɗe baki ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski." Aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya gyara hula.

Mahaifinsa, Riskuwa, shi ne mai gurbi a Tungar Dankure, wani ƙauyen masunta da ke bayan Argungu a bakin fadama. Gurbin wani kududdufi ne mai zurfi da kogi ke bari in ya janye, ba ya ƙafewa ko bazara ta yi tsanani. Mai gurbi ke rufe shi, shi ke buɗe shi ranar su, wato ranar da gari duka ke faɗawa ruwa da homa da gora a kama kifi tare. Mutanen tungar suna cewa kakansu Dankure ya ƙulla alkawari da ruwan: ruwa ba zai ci ɗan tunga ba, zai kuma ciyar da su, su kuma gidan Dankure za su ba shi mutum guda da zai zauna da shi. Wannan mutumin ba ya wuce kasuwar Argungu har ya koma ga Allah.

Albashir ya tashi yana jin haushin wannan magana. Ubansa bai taɓa ganin gidan da ya gina a Badariya ba. Bai zo sunan Ummu Hani ba. An yi masa tayin kujerar Makka ya ce a ba wani. Abin da kawai ke zuwa daga gare shi shi ne kwalin bandar kifi bayan kowane su, tarwaɗa da ƙarfasa, da gaisuwa. Suna ci kuwa, don Ɗayyaba ta iya miyar banda, Ummu Hani tun tana rarrafe take tsotsar ƙayar.

Da bazara ta kama, Riskuwa ya rasu. Albashir ya je aka yi jana'iza, ya zauna karɓar gaisuwa, ya yi kuka na gaske, don duk da haushin yana son tsohon. Ranar da zai koma, ƙanwar mahaifinsa, Goggo Tamba, ta raka shi har mota.

"Ran arba'in ka zaka da wuri," ta ce. "Akwai tambaya bakin gurbi."

"Wace tambaya, Goggo?"

"Wadda anka yi ma ubanka. Liman shi tsaya gaban jama'a shi ce, ka ɗauka ko ka aje? Kai ko ka ba da amsa."

"In na ce na aje hwa?"

"Hakkinka na. Ba a tilasta ma kowa." Ta faɗi haka tana kallon tayar mota, kamar akwai sauran magana a bakinta. Shi kuwa ya ji abin da yake son ji, ya tayar da mota.

Abin ya fara ne a cikin aji, da tsakar rana, lokacin da inuwar kowa ke ƙarƙashin ƙafarsa. Yana tsaka da bayani sai ya ji warin laka, irin lakar ƙasan gurbi mai haɗe da gansakuka. Ya duba tagogi. Ba hadari, ba kwata a kusa, filin kwalejin ya bushe har ya tsattsage. Ya ci gaba da magana. Can sai ya ji wani abu ya daki ruwa a bayansa, fal, kamar bindin babban kifi. Ya waiwaya, allo ne kawai. Da ya sunkuya ya ga takalmansa sun jiƙe sharkaf, ruwa ya kewaye inda yake tsaye, kuma ba ɗalibin da ya nuna ya ga wani abu.

Ya ce gajiya ce da zafin rashi. Amma kashegari aka kuma, jibi ma haka, kullum da tsakar rana. A gida tankinsu ya kwana biyu babu ko ɗigo, sai masu kurar ruwa suke kira, duk da haka in ya dawo sai a ga sawun ruwa daga ƙofar gida har gaban kujerarsa. Ɗayyaba ta goge, ta sake gogewa, har ta gaji ta tsaya da tsumma a hannu.

"Malam, abin ga ba zuhwa ba ta," ta ce. "Ka kira Goggo."

"In kira Goggo in ce mata mi? Camhi na bi na har Badariya?"

Tsoro ya ji, gaskiya, amma shi irin mutanen nan ne da tsoro ke juye musu ya zama faɗa. Wata Asabar, rana na tsaka, warin ya cika falo har ya hana shi cin abinci. Ya miƙe ya fita tsakar gida ba takalmi, siminti na ƙona masa tafin ƙafa, ya fuskanci wajen Argungu ya ɗaga murya kamar yana gaban aji.

"Na aje! Ba ni nan anka ƙulla, ba a tambaye ni ba. Uba ba shi saida ɗiyan da bai haihwa ba. Na aje!"

Nan take warin ya ɗauke. Ruwan da ke kan tayil ya ƙafe a gaban idon Ɗayyaba kamar an ɗora shi a kasko. Albashir ya dawo ya zauna, ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Har ya yi mata ɗan darasi a kan cewa yawancin abin da ke mulkar mutane jira kawai yake a ce masa a'a.

Washegari da tsakar rana Ɗayyaba ta leƙa ɗakin Ummu Hani ba ta gan ta ba. Akwatin Zariya a buɗe, kaya a ninke rabi. Ta same ta a bayan gida, tsaye gaban katanga, hancinta ya kusa taɓa bulo. Zanenta ya jiƙe har gwiwa, ruwa na ɗiga daga gefensa. Idonta a buɗe, fuskarta kwance, ba alamar ciwo.

"A janye Ma'u," yarinyar ta ce a hankali. "Ta matso bakin ruwa da yawa. Ba mai tsaro yanzu."

Ba su san wata Ma'u ba. Albashir ya kira wani abokinsa na yarinta a tunga, Taufiq, ya tambaye shi kamar da wasa. Taufiq ya ce Ma'u ƙaramar 'yarsa ce, kuma yanzun nan uwarta ta fizgo ta daga bakin gurbi. Ya tambayi Albashir wa ya gaya masa. Albashir ya kashe wayar.

Da rana ta karkata Ummu Hani ta dawo hayyacinta, ta dubi zanenta ta yi dariya, ta ce ko ta zubar da bokiti ne ba ta sani ba. Amma kowace rana abin sai ya ƙara tsawo. An kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje aka ce lafiyarta ƙalau. An kira malami ya yi mata ruƙiyya, ba abin da ya yi kururuwa ko ya fita. Malamin ya naɗe carbinsa ya ce shi bai ga wani abu a jikinta ba, kamar dai kiranta ake yi tana amsawa. Ta daina taɓa akwatin. Yarinyar da ta kwana tana tsalle ranar da sunanta ya fito, yanzu in an ce Zariya sai ta ɗaga kafaɗa.

"Mi za ni yi can, Baba?" ta ce masa wata rana, da irin jan muryar kakanta da ba ta taɓa yi ba. "Wa za ni bar ma mutanen tunga?"

Wannan kalma ta shige shi kamar ƙaya. Ana saura kwana ɗaya arba'in ya sa su a mota suka kama hanyar Argungu. Gefen hanya duk koren shinkafar rani ne da albasa, injinan ban ruwa na ta tari. Ummu Hani na baya ta jingina kai da gilashi. Tun kafin su shiga Argungu ta gyara zama, ta sauke gilashin tana shaƙar iska kamar mai dawowa daga doguwar tafiya.

Goggo Tamba ta dubi yarinyar sau ɗaya ta gane. Ta ja Albashir cikin ɗakinta ta sauke labule.

"Ka aje, ko?"

"Kin ce hakkina na."

"Hakkinka na mana. Amma ruwa gangare shika bi, ɗana. In uba ya aje, ɗiya shika tambaya, in dai ta ci kihin gurbi."

"Don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"Don ina so ka tsira," ta ce, sai hawaye. "Na ce ko da yake mace ta, kuma birni anka haihe ta, wataƙila shi ƙyale ta. Ni nag ga abin da zaman ga yay yi ma ubanka. Direba na hwa, Albashir, har Legas shina zuwa, ba abin da shika so awa hanya. Da kakanka ya rasu shi ma ajewa yay yi. Kana shekara huɗu munka iske ka tsaye cikin ruwa har wuya kana kiran sunayen mutane. Ran arba'in yat tahi yac ce ya ɗauka. Bai sake taɓa sitiyari ba."

Albashir ya zauna a bakin gado. Shekara da shekaru yana ɗaukar ubansa a matsayin mai taurin kai da ya fifita kududdufi a kan ɗansa. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, har ya kasa ɗaga kai. Amma kan da ya saba gardama ba ya hutawa. Ya tambaye ta ko ruwan ya taɓa saɓa nasa ɓangaren, ko sau ɗaya, don in mai tsaro ya karya sharaɗi alkawari ya warware. Ta girgiza kai. Ko shekarar babbar ambaliya da ta share gonaki, an tsinci jaririn wata mata a cikin ƙwarya a gindin giginya yana barci. Kadoji na nan cikin gurbin, yara na iyo a gefensu.

"To babu ƙohwa ke nan?"

"Akwai guda. An ce Dankure ya bar ta. In jama'ar tunga sunka taru bakin ruwa, mahi yawansu sunka ce sun yahe, to gidanku ya hita. Ruwa shi koma awa kowane ruwa."

"An taɓa tambayarsu?"

"Ba a taɓa ba."

Sai ga Albashir ya miƙe yana murmushi, karon farko a cikin makonni. Ashe kakan nasa ma Mai Sharaɗi ne! Jama'a suka ɗora, jama'a za su sauke. Waɗannan mutane ne da suka yi wasan ƙasa tare, waɗanda ubansa ya ƙare ransa a kansu. Ya ce da Goggo ta kwantar da hankalinta. Ita dai ta fita ɗora sanwa.

Ranar arba'in aka yi addu'a da safe, aka raba waina. Da rana ta doshi tsaka gari duka ya gangara bakin gurbi, maza da homa a kafaɗa da gora a hammata, don in an samu mai gurbi a ranar ake buɗe gurbin a yi su. Mata na baya riƙe da hannun yara gam. Tun rasuwar Riskuwa ba a bar yaro ya taɓa ruwan ba. Gurbin kuwa ya kwanta shiru, baƙi ƙirin, ba kumfa, ba tsuntsu ko ɗaya a kansa. Iska na kaɗa ciyawar gaɓa, amma fuskar ruwan ba ta motsi.

Liman ya fito gaba, dattijo mai sanyin murya. Ya ce kowa ya sani ba a taɓa yanka wa ruwan nan ko kaza ba, ba a roƙonsa, Allah ake roƙo. Amana ce aka gada, alkawari kuwa kaya ne. Kafin ya yi tambayar Albashir ya nemi izinin magana.

Ya yi magana kuwa, irin wadda bai taɓa yi a aji ba. Ya ce Allah ya halicci kowa da 'yancinsa, ba gidan da aka halitta don ya zama jingina. Ya ce manoman shinkafa na Argungu sun daɗe suna neman a ba su hayar ruwan gurbin su ja da inji, da abin da za a samu sai a kewaye wurin zurfi da waya, a sayi rigunan ruwa masu hana nitsewa da jirgi mai inji, a zaɓi kwamiti mai kula, in bai yi ba a sauke shi a sa wani. Ya ce haka duniya ke yi, kuma duniya ba ta ƙare ba. Ya ba su labarin direban da ya ajiye mota. Ya nuna musu Ummu Hani, wadda uwarta ke riƙe da ita da hannu biyu, ya ce likita za ta zama, su za ta dawo ta duba. Mata da yawa suka share hawaye. Maza na gyaɗa kai.

Liman ya ce, "Kun ji. Duk wanda ya yahe ma gidan Dankure, shi ɗaga hannu."

Goggo Tamba ta ɗaga siririn hannunta.

Albashir ya bi fuskoki da kallo yana jira, don ya san mutane kan jira na kusa da su ya fara. Ba wanda ya fara. Wani ya sunkuya yana gyara igiyar homa da ba ta kwance ba. Wata mata ta jawo ɗanta ta manna shi da cinyarta. Har ana jin injin ban ruwa daga can nesa.

"Taufiq," ya ce. "Kai ma?"

Taufiq ya ɗago, idonsa ja. "Albashir, ɗiyana huɗu, kuma ruwan ga na gaban ƙohwata. Bara jirgi ya kihe da mutanen tsallake, kai ma ka ji, gida guda sunka yi jana'iza ukku. Suna da rigunan ruwa, suna rataye ga bango. Gaskiyarka ta duk abin da kac ce, wallahi gaskiyarka ta. Amma hannuna ba shi ɗaguwa. Ka gahwarce ni."

Ba mugunta a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. Albashir ya ga Turawansa uku tsaye a bakin gurbin nan, kowane da gaskiyarsa. Tsoro ya sa mutane riƙe mai tsaronsu. Kowa ya duba amfanin gidansa, gari kuma ya amfana. An tambayi jama'a, jama'a sun amsa.

"Ba a yi ma hakkin mutum ƙuri'a!" ya faɗa da ƙarfi, muryarsa ta fashe. "Ko ku dubu na, ba ku da ikon ɗaure yarinya guda!"

"Ba mu ɗaure kowa ba, Malam," Liman ya ce, bai iya haɗa ido da shi ba. "Kai kac ce a tambaye su. Kuma har yanzu kana iya ajewa, ita ma tana iyawa."

"Dube ta! Wagga ta za ta iya cewa a'a?"

Kowa ya duba. Ummu Hani ta zame daga hannun uwarta kamar an shafa mata mai. Ba gudu take ba, tafiya take a natse, ta ratsa maza suna buɗa mata hanya. Ɗayyaba ta yi ihu ta bi ta, santsin laka ya kayar da ita. Yarinyar ta sa ƙafa a ruwa, ruwan bai ko yi zobe ba. Ya kai mata idon sawu, ya kai gwiwa. Ta tsaya ta juyo ta fuskanci liman, fuskarta cike da wani farin ciki da ba nata ba, tana jiran a tambaye ta.

Liman ya juyo ga Albashir. Al'ada ce, uba ake fara tambaya. "Albashir ɗan Riskuwa," ya ce, "ka ɗauka ko ka aje?"

Albashir ya nemi hujja ɗaya da ta rage bai samu ba. Ya ga leɓɓan 'yarsa sun fara motsi, tana gwada kalmar a bakinta tun kafin a zo kanta. Ya cire takalmansa, ya cire hula ya miƙa wa na kusa da shi, ya shiga ruwan da babbar rigarsa har ya tsaya tsakaninta da zurfi.

"Na ɗauka," ya ce.

Gurbin ya yi ajiyar zuciya, kowa ya ji. Iska ta sauko kansa, kifi ya fara tsalle ko'ina, wani giwan ruwa ya juya a tsakiya har igiyar ruwan ta daki gaɓa. Wani ya buga kabbara, maza suka ruga cikin ruwa da homa, mata suka saki hannun yara. A cikin hayaniyar Ummu Hani ta kama hannun rigarsa.

"Baba? Mi nika yi cikin ruwa? Wayyo, atamhwata!"

Muryarta ce, tata ta gaske, mai tsiwa. Ya rungume ta ya fito da ita. Amma tun kafin su taka gaɓa ya ji abin ya sauka a kansa. Ya san inda kowane mutum yake a cikin gurbin ba tare da ya duba ba, kamar yadda mutum ya san inda yatsunsa suke. Ya san wane tsoho ne numfashinsa ya fara gajarta, ya san inda kadojin suka lafe. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai ji nauyi ba, daɗi ya ji.

Bayan la'asar ya matsa musu su tafi, ya ce kar yarinyar ta sake kwana a tungar. Ɗayyaba ta karɓi makullin mota, idonta ya kumbura. Ta ce za ta kai ta Zariya ta dawo, sa'an nan su san abin yi. Ummu Hani ba ta tuna komai ba sai cewa ta yi rashin lafiya ta warke. An gaya mata Baba zai ɗan zauna ya daidaita al'amuran gado. Tana ta lissafa abin da bai shiga akwati ba, tana mitar an ɓata mata kwanaki.

Ya raka su inda aka ajiye motar a bakin hanya. Ta shiga gaba, ta leƙo ta taga ta riƙo hannunsa.

"Baba, in na samu ɗaki za ka zo ka gani ko? Ka yi mani alkawari. Kuma ran da za a rantsar da mu kai za ka zauna gaba, ba ni son ka tsaya baya kana gardama da mutane."

Ya buɗe baki zai amsa. A daidai lokacin ya ji wata ƙaramar ƙafa ta zame a kan laka can gefen zurfi, inda gaɓa ke yankewa, yarinya ce ta bi gorar da ta kuɓuce mata. Bai yi shawara ba. Hannunsa ya fice daga na 'yarsa, jikinsa ya juya, ya sheƙa da gudu yana kiran sunan Ma'u, yana daka wa manyan da ke kusa tsawa su miƙa mata sanda. Aka fito da ita tana tari tana dariya, ba abin da ya same ta. Taufiq ya zo yana ta godiya, bai san inda zai sa idonsa ba.

Sai a lokacin Albashir ya tuna an yi masa tambaya. Ya hau gaɓa da sauri ya dubi hanya. Sun jira shi, ga alama, don motar ba ta yi nisa ba, tana tafiya a hankali, hannun Ummu Hani a waje tana ɗaga masa. Ya ɗaga nasa. Bai kai ga sauke shi ba ya ji wani yaron ya nufi wajen kadoji, ya juya ya koma bakin ruwa.